Motsa jiki, homon na mace da haɗarin sankara: me ke canzawa a jiki, kuma nawa ya isa?

Tambaya: Shekarata 46, al'adata ta fara wasa, wani watan ta zo wani watan ta ƙi. Yayar mahaifiyata ta yi fama da sankarar mama. Ina yawan jin cewa motsa jiki yana daidaita homon na mace kuma yana hana sankara. Da gaske ne? Wane iri zan yi, na minti nawa? Sannan 'yata mai shekara 17 tana wasan tsere, al'adarta ta ɗauke wata huɗu ke nan, an ce mata alama ce ta jiki ya murje.

Amsa: 'Yar'uwa, akwai gaskiya a maganar, sai dai masu faɗa sukan ƙara mata gishiri. Motsa jiki yana rage haɗarin sankarar mama da ta cikin mahaifa da ta babban hanji, ragi na gaske wanda aka auna, amma bai toshe ƙofar gaba ɗaya ba. Kafin in shiga bayani, ki riƙe wannan: abin da aka gaya wa 'yarki kuskure ne, kuma batunta ya fi naki gaggawa. Zan zo kansa a ƙasa, amma ki nema mata ganin likita cikin makonnin nan.

Mu fara da istirojin, domin a kansa zancen ya ginu. Shi ne homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a cikin jiki, da gidan ƙwai na mace ke fitarwa, kuma daga cikin ayyukansa akwai umartar ƙwayoyin halittar mama da na shimfiɗar cikin mahaifa su rabu su ƙaru. Duk ranar da ƙwayar halitta ta rabu biyu sai ta kwafi bayanan gadonta, a wajen kwafin nan kuma ake samun kuskure. Yawancin kurakuran jiki yana gyara su, amma idan rabuwar ta yi yawa tsawon shekaru, damar wani kuskure ya kuɓuce tana ƙaruwa. Shi ya sa macen da ta fara al'ada kafin shekara 12, ko wadda al'adarta ba ta ɗauke ba sai bayan shekara 55, haɗarinta ya ɗan ɗara na sauran mata: mamanta ya daɗe yana karɓar wannan umarni. Kusan uku cikin huɗu na sankarar mama suna ɗauke da makarɓar istirojin, wato da shi suke girma. An daɗe da lura da wannan alaƙa. Tun a 1896 wani likitan tiyata a Glasgow ta Birtaniya, George Beatson, ya ba da rahoton cewa cire gidan ƙwai ya sa ƙarin mama ya ja baya a jikin wata mara lafiya, tun ma kafin a gano shi kansa homon ɗin.

Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne ɗaukewar al'ada ba ta kawo ƙarshen istirojin. Gidan ƙwai ya yi ritaya, sai kitse ya karɓi aikin. A cikin kitse akwai wani sinadari mai suna aromatas, wanda ke ɗaukar homon ɗin da wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda ke fitarwa ya mayar da su istirojin. Macen da kitsenta ya fi yawa, aromatas ɗinta ya fi yawa, istirojin ɗin jininta ma haka. Wannan ne dalilin da ya sa ƙiba ke ƙara haɗarin sankarar mama bayan ɗaukewar al'ada, ta kuma ninka haɗarin sankarar cikin mahaifa sau biyu zuwa huɗu, har ya kai wajen sau bakwai idan ƙibar ta yi tsanani.

Akwai hanya ta biyu, kuma a ganina ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Hanta tana yin wani furotin da likitoci ke kira SHBG, aikinsa kama istirojin a cikin jini ya riƙe. Istirojin ɗin da aka kama kamar dabba ce a turke, tana nan amma ba ta shiga gonar kowa. Wanda ke yawo a sake shi ne ke shiga ƙwayoyin mama ya yi aiki. To insulin, homon da ke shigar da sukarin jini cikin ƙwayoyin jiki, idan ya yi yawa a jini, sai ya danne hanta ta rage yin wannan furotin, istirojin mai yawo a sake ya ƙaru. Ga shi kuma insulin da kansa yana zuga ƙwayoyin halitta su girma. Nan ne tsoka ta shigo. Kaso mai yawa na sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci tsoka ce ke kwashe shi, kuma tsokar da ke aiki tana iya buɗe ƙofofinta ga sukari ba tare da jiran insulin ba. Bayan an gama motsa jiki ma tsoka takan ci gaba da jin maganar insulin da sauƙi na kwana ɗaya zuwa uku. Sai buƙatar insulin ta ragu, hanta ta sami sarari, SHBG ya hau. Ki lura da wannan kwana ɗaya zuwa uku, domin shi ne zai tsara miki mako.

Akwai wasu hanyoyin da ake nazari, kamar raguwar kumburin cikin jiki da kitsen ciki ke haddasawa, da yadda motsa jiki ke tayar da wasu dakarun garkuwar jiki, da yadda yake hanzarta wucewar abinci a hanji. Amma tambayarki kan homon take, bari mu tsaya a nan.

An gwada wannan a jikin mutane. A Amurka, Anne McTiernan da abokan aikinta sun ɗauki mata 173 masu shekara 50 zuwa 75, waɗanda al'ada ta ɗauke musu, masu ƙiba kuma ba sa motsa jiki. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, gida ɗaya yana motsa jiki minti 45, kwana biyar a mako, har shekara guda. Sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna istirojin ya sauka, amma saukar ta fi fitowa fili ga waɗanda kitsen jikinsu ya ragu da fiye da kashi 2 cikin 100. A lardin Alberta na Kanada, Christine Friedenreich ta yi irin wannan da mata 320 da aka ɗora wa minti 225 a mako, kuma a 2010 ta ba da rahoton cewa istirojin ya ragu, SHBG ya ƙaru. Gwajin da ya fi fayyace lamarin shi ne wanda aka wallafa a 2012, mai mata 439 da aka raba gida huɗu. Waɗanda suka yi motsa jiki kaɗai, babban nau'in istirojin ɗinsu ya sauka da kusan kashi 5 cikin 100. Waɗanda suka rage cin abinci kaɗai, kusan kashi 16. Waɗanda suka haɗa biyun, kusan kashi 20. Darasin a fili yake: bayan ɗaukewar al'ada, yawancin tasirin motsa jiki a kan istirojin ta hanyar zubar da kitse yake bi, kuma duk wadda ke motsa jiki tana ƙara loma ta rage wa kanta riba.

Kada wannan ya sa ki zama baiwar sikeli. Mace na iya yin wata uku tana motsa jiki nauyinta bai gusa ba, alhali kitsen da ke lulluɓe da kayan cikinta ya ragu, tsoka ta ƙaru, insulin ya sauka. Awon ƙugu ya fi gaya miki gaskiya. Ki tsaya a miƙe, ki lalubo haƙarƙarinki na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ki zagaya tef a tsakiyarsu a kan fata, ki fitar da numfashi yadda kika saba ba tare da tsuke ciki ba, sannan ki karanta. Ga mace, daga santimita 80 haɗarin cututtukan da ke tafe da ƙiba ya fara hawa, daga 88 kuma ya yi yawa. Sau ɗaya a wata ya isa, da safe kafin ki ci komai.

Ga macen da ke cikin shekarun haihuwa kuwa labarin ya bambanta. Gidan ƙwai ne ke riƙe da ragama, kuma istirojin ɗin da yake fitarwa ya ninka na kitse nesa ba kusa ba. Wani gwaji da aka yi a Amurka da mata matasa kusan 400, minti 150 a mako na tsawon mako 16, bai ga wani canji a yawan istirojin ɗin jininsu ba. Amfanin motsa jiki a wannan shekarun ya fi zuwa ta gyaran insulin da hana taruwar kitsen da zai zama matsala nan gaba. Inda yake da tasiri ƙwarai shi ne ga masu larurar nan da ake kira PCOS, wadda ke hana sakin ƙwai a kan kari. Watan da ba a saki ƙwai ba, jiki ba ya yin furojestaron, homon da ke taka wa istirojin birki a cikin mahaifa. Sai shimfiɗar mahaifa ta yi ta kauri ba mai tsawata mata, wanda a kan shekaru yake ƙara haɗarin sankarar cikin mahaifa. Ga mai ƙiba a cikinsu, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki sau da yawa yana dawo da sakin ƙwai.

Ke kina tsakanin zangon biyu. A shekara 46 wasan da al'adarki ke yi yana nufin gidan ƙwai ya fara sanyi, wani watan ya saki ƙwai wani watan ya yi shiru, istirojin yana hawa yana sauka ba tsari. Babu motsa jikin da zai mayar da wannan agogo baya, kuma duk mai sayar miki da wani tsari ko ƙwaya da sunan daidaita homon a wannan zango, ki riƙe kuɗinki. Hujjar cewa motsa jiki yana kawar da zafin nan da ke taso wa mace ya sa ta gumi ba ta da ƙarfi. Abin da yake yi tabbas shi ne inganta barci da walwala, da kare ƙashi da tsoka, da rage taruwar kitse a ciki, wanda a daidai wannan shekarun yake fara komawa can daga cinya da ɗuwawu. Saboda haka lokacin da kika yi tambayar ya dace sosai. Sai dai kada ki ɗora wa shekaru laifin kowane jini. Jinin da ya wuce kwana bakwai, ko mai jiƙa audugar mata duk awa, ko wanda ke ɓullowa tsakanin al'ada biyu ko bayan saduwa, yana buƙatar a duba. Idan kuma al'ada ta ɗauke shekara guda cur sannan kika ga ko ɗigo ne, wannan ba abin jira ba ne, domin zubar jini ita ce alamar farko a wajen mafi yawan masu sankarar cikin mahaifa, kuma idan aka kama ta da wuri tana warkuwa sosai.

To nawa ne ragin haɗarin? A 2016 an haɗa bayanan mutum miliyan 1.44 daga Amurka da Turai, aka kwatanta waɗanda suka fi kowa motsa jiki da waɗanda suka fi kowa zama. A cikin nau'in sankara 26 da aka duba, 13 sun yi ƙasa a wajen masu motsa jiki. Ta mama ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100, ta babban hanji kashi 16, ta cikin mahaifa kashi 21. Wasu nazarce-nazarcen sun sami ragin ta mama ya kai wajen kashi 20. Ki fahimci abin da wannan ke nufi: a ce a cikin mata 100 masu zaman wuri ɗaya, 10 ne za su kamu a tsawon rayuwarsu, to a cikin 100 masu motsa jiki za a sami 8 ko 9. Ga mutum ɗaya kamar kaɗan ne, amma cutar da ta kama mata miliyan 2.3 a 2022 kaɗai, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, ragin kashi 10 a cikinta rayuka ne masu yawa. Kuma wannan yana nufin mace mai motsa jiki kullum tana iya kamuwa, wadda ta kamu kuma ba a ce ta jawo wa kanta ba. Ina jin ciwon yadda ake ɗora wa marasa lafiya irin wannan laifi.

Sankarar bakin mahaifa ba ta cikin wannan lissafi. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, kuma kariyarta rigakafi ne ga 'yan mata, musamman masu shekara 9 zuwa 14, da gwajin bakin mahaifa ga manya daga shekara 30. Gudun duniya ba zai maye gurbin waɗannan ba.

Game da yayar mahaifiyarki, dangantakar mataki na biyu ce, ƙarin haɗarin da take kawowa bai kai na uwa ko 'yar'uwa ciki ɗaya ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na sankarar mama ke zuwa ta gado kai tsaye, irin na tangarɗar ƙwayoyin gado masu suna BRCA1 da BRCA2. Ki bincika shekarunta lokacin da aka gano cutar, ko mama ɗaya ne ko biyu, ko akwai wata a dangin uwa ko na uba da ta yi ta mama ko ta gidan ƙwai, ko namiji da ya yi ta mama. Da waɗannan likita zai yanke lokacin da za ki fara hoton mama da tazarar da za ki riƙa bari.

Yanzu ga awo. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 150 shi ne ƙasan tsani. Idan burinki rage kitse da istirojin ne, ki sa ido a kan 225 zuwa 300, domin gwaje-gwajen matan da al'ada ta ɗauke musu da na ambata a sama minti 225 suka yi amfani da shi, kuma wani gwajin na Alberta mai mata 400 da aka wallafa a 2015 ya nuna masu minti 300 sun fi masu 150 zubar da kitse.

Matsakaici yana da ma'auni mai sauƙi: numfashinki ya ƙaru, jiki ya ɗumama, kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Idan ba ki iya haɗa kalma huɗu ko biyar sai kin ja numfashi, kin shiga mai tsanani. A tafiya, matsakaici yana farawa daga wajen taku 100 a minti. Ki ƙirga takunki na daƙiƙa 15, idan ya kai 25 kin shiga layi. Mai son lissafin bugun zuciya ta cire shekarunta daga 220. Naki 174 ke nan, matsakaici kuma kashi 64 zuwa 76 cikin 100 na wannan, wato bugu 111 zuwa 132 a minti. Ƙiyasi ne kawai, kuma ba ya aiki ga mai shan irin maganin hawan jinin da ke rage bugun zuciya. Ita ta tsaya ga gwajin magana.

Idan kin daɗe ba ki yi ba, ki fara da tafiyar minti 10 zuwa 15, kwana biyar a mako, na mako biyu. Daga nan ki riƙa ƙara minti biyar duk mako har ki kai 30, ki zauna a nan wata guda jiki ya saba, sannan ki hau zuwa 45. Minti biyar na farko da na ƙarshe a hankali. Ki fara ƙara tsawon lokaci kafin ki ƙara sauri, domin zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, amma jijiyoyin gwiwa da agara da tafin ƙafa sai sun ɗauki watanni, kuma a wannan giɓin ne mutane ke jin ciwo su watsar. Kada ki bari kwana biyu su wuce a jere ba ki motsa ba, saboda tasirin nan na insulin da ke gushewa. Ana iya gutsura shi: tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan sukari a daidai lokacin da ya fi tashi, kuma tana shiga lissafin mako.

Aikin tsoka shi ne mata suka fi tsallakewa, alhali a shekarunki shi ne ba a so a rasa. Motsi biyar sun wadatar: zauna-tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, tura bango ko gefen tebur mai ƙarfi da hannu biyu, jawo igiyar roba ko wani nauyi zuwa haƙarƙari, kwanciya rigingine a lanƙwasa gwiwa a ɗaga ƙugu sama, da hawa da sauka a matakala ɗaya. Kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku, da hutun minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi a tsakani. Nauyin da ya dace shi ne wanda biyun ƙarshe za su yi miki wuya amma ba ki karkace ba. Ranar da kika yi 12 cikin sauƙi, ki ƙara nauyi kaɗan. Ki fitar da numfashi lokacin yunƙuri, kada ki riƙe shi, musamman idan kina da hawan jini. Ki bar kwana guda tsakanin atisayen tsoka biyu. Kuma ki kwantar da hankalinki, jikin mace ba shi da yawan homon ɗin maza da zai sa wannan ya mayar da ita ƙatuwa.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Na farko shi ne rama abin da aka ƙona: tafiyar minti 30 ba ta wuce kalori 120 zuwa 180 ga yawancin mata, kwalbar lemo mai zaƙi guda ta shafe ta. Na biyu, a yi minti 30 da safe sannan a zauna sauran yinin. Ki riƙa miƙewa kina ɗan zagayawa duk bayan rabin awa ko awa. Aikin gida yana shiga lissafi idan ya ɗaga numfashi, kamar goge ƙasa da hawa bene da ɗaukar kaya, amma tsayuwa wuri ɗaya na awa uku gajiya ce kawai. Ɗamarar matse ciki da rigar leda mai sa gumi ruwa suke fitarwa, kitse yana nan inda yake. Idan fitsari yana ɗigo miki lokacin tsalle ko gudu, wanda ya zama ruwan dare ga matan da suka haihu, ki koma tafiya da sauri ko keke, ki riƙa matse tsokar ƙasan mara na daƙiƙa biyar zuwa goma, sau goma, sau uku a rana. Sai an yi kamar wata uku ake ganin bambanci. Ki sami rigar mama mai riƙewa sosai da takalmi mai laushin ƙasa. Idan ƙaramin motsi yana sa ki haki da jiri, a auna jininki, domin yawan zubar jinin al'ada a wannan zango yana jawo ƙarancin jini. Ciwon ƙirji, ko suma, ko bugun zuciya mara tsari, a tsaya nan take a nemi likita. Mai ciwon zuciya ko ciwon sukari da take kan insulin ta fara da shawarar likitanta.

Yanzu ga 'yarki. Abin da ya fi yawan jawo ɗaukewar al'ada ga 'yan wasa shi ne abincin da suke ci bai biya aikin da suke yi ba. Idan abin da ya rage wa jiki bayan an cire na atisaye ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa takan ɗauka ana cikin yunwa, sai ta rage saƙon da take aika wa gidan ƙwai, sakin ƙwai ya tsaya, istirojin ya faɗi. Binciken Anne Loucks a Amurka ya nuna wannan saƙo yana fara rikicewa idan abin da ya rage ya gaza kusan kalori 30 a rana ga kowane kilo na jiki ban da kitse, alhali wajen 45 ake so. A ce nauyinta kilo 55, 44 daga ciki ba kitse ba ne. Idan tana cin kalori 1,800 tana ƙona 600 a filin atisaye, saura 1,200, wato wajen 27 ga kowane kilo. Ta faɗa ƙasan layi ke nan ko da a ido tana ci kamar kowa, kuma ba sai ta rame ba.

Wani zai ce ai ƙarancin istirojin kariya ce daga sankara. Wannan mugun ciniki ne. A shekara 17 take gina ƙashin da za ta rayu da shi, kuma mafi yawansa yana kammala kafin ta kai 20. Rashin istirojin a wannan lokaci yana hana ƙashi cika, ya kawo tsagewar ƙashin ƙauri ko na tafin ƙafa, kuma abin da aka rasa ba lallai ya dawo duka ba. Ƙa'idar likitoci ita ce al'adar da ta saba zuwa ta ɗauke wata uku a bincika. Likita zai fara da kawar da sauran dalilai kamar yadda ake yi wa kowace mace, ciki har da juna biyu, da matsalar maƙoƙo, da yawan homon ɗin nono, da PCOS, zai kuma tambayi yadda take ci da yadda take kallon jikinta, domin wani lokacin akwai ƙin cin abinci a ɓoye. Ki yi mata wannan magana da taushi. Maganin shi ne ƙara abinci da 'yan ɗaruruwan kalori a rana, a daina atisaye da yunwa, a ci wani abu cikin awa guda bayan an gama, a rage nauyin atisayen, a saka ranar hutu. Dawowar al'ada na iya ɗaukar watanni. Ƙwayar tsarin iyali tana kawo jini duk wata, amma ba ta cike giɓin abincin ba, sai ma ta rufe alamar da ake bibiya. Kuma kada a raba ta da wasan. Nazarin Leslie Bernstein na 1994 a Kalifoniya ya sami ƙarancin sankarar mama sosai a wajen matan da suka riƙa motsa jiki kusan awa huɗu a mako tun daga balaga. Ana son ta ci gaba da gudu tana ci tana ƙoshi, al'adarta tana zuwa.

Idan yayar mahaifiyarki tana raye, ita ma akwai rabonta. Da can ana ce wa mai sankara ta kwanta ta huta, yanzu shawara ta juya. Nazarin da aka wallafa a 2005 kan ma'aikatan jinya kusan 3,000 masu sankarar mama a Amurka ya ga waɗanda ke tafiya awa uku zuwa biyar a mako sun fi tsira daga cutar. A 2025 kuma aka sami hujja mafi ƙarfi daga gwajin ƙuri'a na mutum 889 da suka gama jinyar sankarar babban hanji: bayan shekara biyar, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka sa a tsarin motsa jiki na shekara uku suna raye ba tare da cutar ta dawo ba, a ɓangaren waɗanda ba a sa a tsarin ba kuma kashi 74. Ga masu shan maganin da ke toshe aromatas, waɗanda ciwon gaɓoɓi ke sa wasu su daina sha, motsa jiki na shekara guda ya rage ciwon da kusan kashi 30 cikin 100 a wani gwaji. Wadda aka cire wa kaluluwar hamata hannunta yana kumbura ma an nuna tun 2009 cewa ɗaga nauyi ba ya ƙara kumburin, muddin ta sa safar matse hannu, ta fara da mafi ƙanƙantar nauyi, ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawar masani. Ranar da take da zazzaɓi, ko jininta ya yi ƙasa sosai bayan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ta huta. Idan kuma cutar ta taɓa ƙashi, likitanta ne zai zaɓa mata irin motsin da ba zai jawo karaya ba.